Kar Ki Shiga Falgore da Shirunki

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Dokta, ina fatan kin koma Kano lafiya, kin tarar da maigidanki da mutanen gidansu lafiya. Allah ya sa haka amin. Mu nan Tudun Wada lafiya lau, sai godiyar Allah. Babanki ya tafi gona, ƙanwarki Kulu ta tafi islamiyya, ni kaɗai ce a gidan sai kaji, shi ya sa na samu na zauna a ƙofar ɗaki ina danna wayar nan da yatsa ɗaya. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san ban yi nisa a firamare ba. Kulu ta ce min, Yaya, ki yi magana mana a naɗa a tura mata, ai ya fi sauƙi. Na ce mata maƙogwarona ke ciwo. Ƙarya na yi, Allah ya yafe min. Maganar ce ba za ta fito ta bakina ba. A nan ɗin ma sai in rubuta in goge, in sake rubutawa.

Kin san ke ce 'yar fari, ban taɓa kiran sunanki ba, ban taɓa zama da ke mun yi hira kamar yadda nake yi da Kulu ba. Haka muka taso muka gani a garinmu Ba'awa, haka uwata ta yi wa yayana. Da kika gama karatu mutane suka fara ce miki Dokta, wallahi na fi kowa murna, don na samu abin kiranki, na huta da ke wannan, ke yarinyar nan. To yau dai zan ajiye kunyar a gefe. In na gama sai in ɗauki abata.

Na gani. Zuwan nan da kika yi mana sallama, na gani. Na yi miyar kuka da daddawa wadda tun kina ƙarama kike lashe kwano, kika tashi kika koma bayan ɗaki. Kika aika a sayo miki tsamiyar biri da yalo. Kina zaune a tabarma barci na kwasarki da hantsi, ke da ba kya iya zama wuri ɗaya. Ni na haihu, na kuma ga masu haihuwa. Na yi kamar ban gani ba, ke ma kika yi kamar ba ki san na gani ba, muka rabu a haka, ina daga cikin zaure ina leƙen motar da kika hau.

Bayan kin tafi na tsare Kulu. Kar ki yi mata faɗa, ni na matsa mata har ta yi kuka. Ta ce kin ce kar kowa ya ji, daga ke sai maigidanki. Wai in Farfesan da ke jagorantarku ya ji, zai cire ki daga masu shiga dajin Falgore bana ya sa wani, alhali ke kika fara aikin, ke kika yi shekaru kina bin gwankayen nan kina tsintar kashinsu a kwalba don a gane wacce ke da ciki wacce ba ta da shi. Ta ce kin ce bana ne za a gane dalilin da ya sa matan gwanki suke ɓari, garken yana ta raguwa, kuma duk inda aka samu wadda ta yi ɓari ke za ki ɗebi abin da ya fito ki kai ɗakin gwaji. Dokta, tun da na ji wannan maganar abinci ya daina shiga min. In na ɗora tukunya sai in manta ban sa gishiri ba.

Mutanen unguwa in sun ji Falgore, masu satar mutane suke tunawa, da macizai, da hanyar nan da mota ke kafewa a laka. Ni ma ina jin tsoron waɗannan, ba zan ɓoye ba. Amma waɗannan kuna da ma'aikatan gandun daji masu bindiga, kuma kowa ya san da su, ana kiyayewa. Wanda ke hana ni sukuni shi ne wanda ba wanda ya sani a cikin motar sai ke.

Bari in gaya miki abin da ban taɓa gaya miki ba. Kafin ke, akwai wani. Lokacin an kai ni gidan babanki, muna zaune a ƙauyensu can gefen Falgore, ta wajen Doguwa, kusa da rugar su Adda Jumma da ke kawo mana nono. Ciki ya shiga, na sani, ya yi watanni har na fara jin motsi. Ban gaya wa kowa ba. Wa zan gaya wa? Amarya ta buɗi baki ta ce wa uwar miji tana da ciki? Ai sai a ce ba ta da kunya, a yi ta maganarta a bakin rafi. Sai na riƙa ɗaure zani a sama, ina daka, ina ɗebo ruwa, in amai ya taso in ruga bayan rumbu.

A shekarar nan awakin Goggo Dije, kakarki, suka yi ta zubar da ciki. Ran nan da rana wata jar akuya ta kwanta tana ta kuka, ɗan ya mutu a ciki ya kasa fita. Goggo ta leƙo ta ce, ke amarya, zo nan, hannunki ne ƙarami, sa ki jawo mata shi kar ita ma ta bi. Wallahi Goggo Dije ba muguwa ba ce, ke shaida ce, ita ta goye ki. Da ta san halin da nake ciki ko tsintsiya ba za ta bari in ɗauka ba. Maganar ta zo min har baki. Na dubi ƙasa na ce, to Goggo. Na naɗe hannun riga na sa hannu, ga kaushi duk ya tsattsage min fata, na jawo shi, na jawo mabiyiyar, na kwashe na kai bayan gida na binne. Na wanke hannu da toka na koma kan tuwona. Haka na yi wa ta biyu da ta uku, don an ga na iya.

Ba a daɗe ba masassara ta kama ni, irin mai tafiya ta dawo, gumi kamar an watsa min ruwa, gwiwoyi da baya kamar an daddake su. Nan ma ban faɗa ba, na ce ciwon kai ne. Sai da abin ya zo a tsakar gida, a gaban kowa, sannan aka sani. Namiji ne, har yatsunsa sun fito. Goggo ta ɗora hannu a ka tana cewa, wayyo 'yar nan, me ya hana ki faɗa, me ya hana ki faɗa min? Aka ce iska ce, aka ce na tsallaka wani abu a hanyar rafi, aka kai ni wajen malam aka yi min rubutu, Allah ya tashi kafaɗuna.

Kin san wa ya gaya min abin da ya same ni? Ke ce, ba ki ma sani ba. Hutun nan da kika zo kina tsakiyar karatu, kika tarar da Kulu na shan nono ɗanye, kika karɓe ƙwaryar kina mata faɗa. Kika ce akwai ciwon da Fulani ke kira bakkale, yana sa shanu da awaki ɓari, yana kama mutum ta nonon da ba a dafa ba, ko in ya taɓa abin da dabba ta zubar da hannu tsirara. Kika ce mace mai ciki ko kusa da wurin kar ta je, don yana iya taɓa abin da ke cikinta. Ina bayanki ina tankaɗe. Rariyar ta suɓuce min. Kika juyo kika ce, Yaya lafiya? Na ce garin ne ya shiga min ido. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, na daɗe ban fito ba. Allah ne masani ko shi ne ko ba shi ba ne, ba wanda ya gwada ni a lokacin. Amma duk abin da kika lissafa wa Kulu ranar, na ji shi a jikina ɗaya bayan ɗaya.

To ke da kika san wannan, ke da kike koya wa wasu, ke ce za ki je ki durƙusa a kan abin da gwanki ta zubar? Na san abin da za ki ce. Za ki ce kuna da safar hannu, kuna da abin rufe hanci, kuna da ruwan magani. Na yarda. Amma safar hannu roba ce, dajin nan kuma duk ƙaya ce, na yi itace a cikinsa na sani. Kuma mutanen da ke tare da ke ba su san su tare ki ba. Za su ce Dokta zo ki gani, Dokta ke kika iya, sai ki ce to, kamar yadda na ce to. Shawarata ta farko ke nan, kuma ita ce babba. Ki faɗa. Wanda zai aike ki ya san wadda yake aika. In ya aike ki bai sani ba, kin cuce shi shi ma, don Goggo Dije har ta rasu in ta ga jar akuya sai ta kau da kai.

Ta biyu, hannunki ya fi kanki sauri, kuma a wajena kika gado. Kin tuna ɗan mazon nan, mai kama da 'yar barewa? Kina ƙarama muka je itace, na gan shi kwance a cikin ciyawa, ɗan mitsitsi, ko motsi ba ya yi. Na duba gabas na duba yamma ban ga uwar ba. Na ce an yar da shi, ko mafarauta sun kashe ta. Ban tsaya tunani ba na sunkuce shi na sa a zani, don na ga yadda idonki ya kafe a kansa. Muna tafiya ina jin wani kuka a bayanmu cikin kurmi, kamar haushin ƙaramin kare, na ce miki tsuntsu ne. Kika yi ta ba shi nonon akuya da tsumma, kina kwana da shi, kika sa masa suna Ɗan Auta. Bai yi kwana nawa ba ya mutu. Kika ƙi cin abinci, kika yi ta tambayar babanki me ya kashe shi, me ya kashe shi. Ina jin tun daga ranar kika kama hanyar da kike kai yau. Da kika girma kika ce min ai uwar ba yar da shi ta yi ba, haka suke yi, ta ɓoye shi ta koma nesa tana kallo, don kar warinta ya jawo masa kura. Ni ce na raba su da tausayina.

Abin da nake so ki ɗauka a nan, in kika ga dabba a kwance tana wahala, na san ki, ba za ki tuna da kanki ba. Za ki manta da safar, za ki manta da komai, ki ruga. Bana ba ke kaɗai ba ce a jikinki. Ki tsaya nesa. Ki nuna da baki, wani ya sa hannu. Yaran nan da kuke koyarwa a jami'a, ƙattai da su, me aka kawo su yi? Ido da kai ne aikinki, su ba wanda zai karɓe miki.

Kar ki ce Yaya ta samu hanyar raba ni da aikin da dama ba ta so. A nan ma ina da laifi, bari in faɗe shi. Da kika fara wannan karatun kunya na riƙa ji. In an tambaye ni a gidan biki me 'yarki ke karanta, sai in ce likitan dabbobi, in yi sauri in kawo wata maganar. Ta yaya zan ce tana binciken yadda namun daji ke barbara da haihuwa? Maƙwabciyarmu Tabawa kuwa ba ta raga min. In ta gan ni sai ta ɗaga murya, ina uwar ungozomar gwanki, yaushe ne suna, a ajiye mana ƙauri! Mata su kwashe da dariya, ni ma in yi, in dawo gida raina a ɓace. Har na taɓa aika Kulu ta ce miki ki koma koyarwa a makarantar 'yan mata, ya fi mutunci. Kin tuna amsar da kika aiko min? Kika ce a tambaye ni yaushe rabon da in ga gwanki da idona. Na zauna na yi tunani. Muna amare, in za mu rafi da safe garke guda muke tararwa suna shan ruwa, manya kamar dawakai, ƙahonin nan sun lanƙwasa baya, su ɗago su dube mu su ci gaba da sha. Kulu kuwa ba ta taɓa ganin ko ɗaya ba sai a wayarki. Daga ranar na daina jin kunya. Yanzu in Tabawa ta yi, sai in ce eh, ungozoma ce, in naki awakin sun tashi haihuwa ki zo ki yi layi.

Don haka ban ce ki bar aikinki ba. Ban ma ce lallai kar ki je ba, ni ban san tsarinku ba. Ki je wajen likitar mata ta duba ki, ki gaya mata ainihin abin da za ki je yi a dajin, kar ki ce mata aikin ofis ne. Sannan ki gaya wa Farfesa. Mutumin nan ya zo gidan nan sau ɗaya, da furfurarsa ya cire takalmi ya durƙusa ya gai da babanki, ya ci tuwon dawa ya ce a ƙara masa. Ya ce min, Hajiya, 'yarki ta fi ni haƙurin zama a daji. Mai irin wannan maganar ban ga alamar zai yar da ke ba. Wataƙila ya ce ki zauna a garin Falgore a riƙa kawo miki bayani, wasu su yi ɗiban. Wataƙila ya ce sai baɗi. In ma ya cire ki ɗin gaba ɗaya, na san zai yi miki ciwo, shekarunki ne, ba zan ce miki ba komai ba ne. Amma gwankayen nan Allah ya raya su tun kafin a haife ki, za su kai baɗi in ya so. Na cikinki kuwa in ya tafi, ba ya dawowa. Nawan da ya tafi, da ya rayu ya girme ki, da yanzu yana da 'ya'ya. Ba ranar da ba na lissafa shi a cikin 'ya'yana, ni kaɗai a raina.

Maigidanki kuma, ki gaishe shi, amma ina da magana da shi. Na san yana sonki, na san ba ya son ya zama mijin da ya tare wa matarsa hanya, shi ya sa ya yi shiru ya bi ki. To wannan ba wurin kara ba ne. Ki ba shi ya karanta wannan, ban damu ba, kunyar suruki ma yau na ajiye ta tare da sauran.

Laifina na ƙarshe shi ne ya fi min nauyi. Ni na koya miki shirun nan. Ranar da kika fara ganin al'ada, Goggo na tura miki. Ranar da za a kai ki ɗakin miji, ƙanwata na tura ta yi miki faɗa, ni ina ɗaki ina jin kukanki ban fito ba. Kin taɓa faɗowa daga bishiyar mangwaro kika zo da hannu a kumbure, kika tsaya a gabana, na ce je ki nuna wa Goggo, don akwai baƙi a tsakar gida kar a ce na damu da 'yar fari. Kika juya kika tafi, ba ki yi kuka ba. Aka yi ta yabonki, yarinya mai dauriya, ni ma ana yabona, mace mai kunya. Ga shi yau kina da digiri har ban san adadinsu ba, kina tsayawa gaban manyan mutane kina bayanin mahaifar dabba ba ko ɗar, amma naki kin ɗaure zani a kansa kamar yadda na yi a ƙauye. Kin ce don aiki ne. Na yarda akwai aiki a ciki. Amma ni na san sauran, don nawa ne.

To ga abin da na yanke, kuma ban yi shawara da kowa ba, ko babanki. Kulu ta ce ranar Asabar za ku tashi. Na san motarku, farar nan mai buɗaɗɗen baya, kuma na san duk shigarku daji sai kun tsaya a tashar Tudun Wada kun sayi burodi da ruwa. In kin gaya wa Farfesa kafin ranar, ki turo min kalma ɗaya, ki ce na faɗa. Ba sai kin ƙara komai ba, ba sai mun yi maganar ba in mun haɗu. Zan zauna a gida in yi miki addu'a, duk abin da kuka yanke da shi da likita na amince.

In ban ga saƙon ba, zan sa mayafina in je tashar tun da safe in zauna a bencin mai shayi. In motar ta tsaya zan zo gaban tagar Farfesa, a gaban direba, a gaban ɗalibanki da 'yan kamasho da duk wanda ke wurin, in ce masa 'yata tana da ciki. Da bakina. Na san garin nan za a shekara ana ba da labarina. Wataƙila ki yi fushi da ni ki daɗe ba ki taka gidan nan ba. Na ɗauka. Ki yi fushin kina da lafiya, da abinki a bayanki. Don Allah ki hutar da ni wannan tafiyar, amma kar ki yi zaton ba zan yi ta ba.

Allah ya tsare min ke gaba da baya, a gida da daji. Allah ya kare ki daga ciwon da ake gani da wanda ba a gani, ya kau da idon mugu daga kan hanyarku, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Allah ya raba ku lafiya, ya sa in ɗauka da hannuna. Allah ya yi wa aikinki albarka, ya yi miki albarka duniya da lahira. Amin summa amin.

Wayar tana hannuna, na sa Kulu ta ƙara mata ƙara.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarki.